Kwana biyu ko uku a Alƙahira: tambayoyin da baƙi suka fi yi kan zirga-zirga da wuraren gani

Kaɗan ne daga cikin mutanenmu ke zuwa Alƙahira don yawon buɗe ido zalla. Wani rakiyar mara lafiya ya yi, wani ɗansa ya kai karatu Azhar, wata kaya ta je saye, wani kuma jirginsa ne ya yada zango a hanyar Umara. Sai a samu rarar kwana ɗaya ko biyu, a ce bari a ga gari. Tambayoyin da ke ƙasa su ne ke yawan dawowa daga bakin irin waɗannan baƙi.

Kwana nawa ke isar mutum ya ga Alƙahira?

Ganin Alƙahira duka ba aikin mako ba ne, domin gari ne da shi da kewayensa ke ɗauke da mutum sama da miliyan 20. Amma kwana biyu sun isa ka ga abin da za ka daɗe kana ba da labarinsa, muddin ka yarda da abu ɗaya: a garin nan da awa ake auna tafiya, ba da kilomita ba. Wurin da taswirar wayarka ta nuna kusa ne yana iya cinye maka awa guda a mota. Saboda haka kada ka rubuta wurare goma ka ce sai ka taka kowanne. Raba garin gida uku: Giza a yamma da kogin Nilu, inda dalolin Fir'auna da sabon babban gidan tarihi suke, tsohuwar Alƙahira ta Musulunci, wato masallatan Azhar da Husaini da Ƙal'a, tsohon sansanin sarakuna da ke kan tudu, sai Fusɗaɗ a kudu, inda masallacin Amru ɗan Asi da gawarwakin sarakuna suke. Ka ba kowane ɓangare aƙalla rabin yini, kada ka haɗa biyu da ke nesa da juna kafin azahar.

Mai kwana ɗaya ya yi Giza da sassafe, ya huta, ya shiga Azhar bayan la'asar. Mai kwana biyu ya bar wa tsohon gari yini cur.

A wace unguwa ya kamata in sauka?

Abin da ya kawo ka shi zai zaɓa maka. In asibiti ne, sauka kusa da asibitin, ko da unguwar ba ta da abin kallo, don jigilar mara lafiya cikin cunkoso wahala ce da babu dalilinta. In yawo ne kawai, tsakiyar gari kewayen dandalin Tahrir ya fi, saboda metro, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, na ƙofarka kuma kogi na kusa. Dokki da Zamalek sun fi natsuwa, amma sun fi tsada.

Yawancin 'yan Najeriya da Nijar suna ƙarewa a Madinat Nasr, musamman Hayyul Ashir, domin can ɗalibai da 'yan uwa suke, akwai gidajen haya masu kayan ɗaki, kuma ba a rasa tuwo. Amfaninta a fili yake, ga shi kuma ba ta da nisa da filin jirgi. Sai dai ta yi nisa ƙwarai da Giza. Wanda ya sauka can ya ɗauki zuwa dala a matsayin tafiya ta musamman, ya fita bayan sallar asuba.

Yaya zan yi daga filin jirgi zuwa masauki?

Filin jirgin yana arewa maso gabashin gari, wajen Misrul Jadida, kuma jiragen EgyptAir da ke zuwa daga Kano da Abuja da Legas a tasha ta 3 suke sauka. Metro bai shiga filin jirgin ba, don haka mota za ka hau. Da ka fito za a yi maka caa, kowa yana cewa tasi, wani ma ya kama jakarka. Kada ka saki jaka, kada ka tsaya dogon bayani. Tun kana ciki ka sayi layin waya a rumfar Vodafone ko Orange ko WE da fasfonka, ka buɗe Uber ka kira mota, ko kuma ka sa masaukinka ko ɗalibin da ka sani ya turo wanda zai ɗauke ka. In dole sai tasin filin jirgi, ku gama magana kan kuɗi kafin a sa kaya a but, kuma ka tabbatar da fam ɗin Masar ake nufi ba dalar Amurka ba.

Ka gyara agogonka. Masar na gaban Najeriya da Nijar da awa ɗaya, amma daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba tazarar takan zama awa biyu. Katin rigakafin cutar shawara ma ya kasance a hannunka tare da fasfo, ba a cikin akwati ba.

Jirgina zai tsaya awa takwas ko goma. Zan iya leƙa gari in dawo?

Tambaya ta farko ita ce ko kana da izinin shiga ƙasar, kuma wannan a gida ake warware shi, a ofishin jakadancin Masar ko wurin kamfanin jirgin, ba bayan an sauka ba. In kana da shi, yi lissafi da gaskiya: awa ɗaya na fita daga filin jirgi, awa uku da ake so ka dawo kafin tashi, sai tafiya da dawowa. Daga awa takwas, abin da zai rage maka bai wuce biyu zuwa uku ba. Da wannan Azhar da Husaini za ka nufa, ba dala ba, domin Giza na can ɗaya ƙarshen garin. Wanda ke da awa goma sha biyu da rana zai iya yin Giza, amma da mota ɗaya da za ta jira shi ta maido shi. Duba amsar da ke magana kan lokutan cunkoso kafin ka yanke shawara.

Metro ɗin nan da ake ta magana, baƙo zai iya hawa?

Ƙwarai kuwa, kuma shi ne abin hawa mafi sauri da arha a garin. An buɗe layin farko a 1987, shi ne jirgin ƙarƙashin ƙasa na farko a Afirka. Layi uku ke aiki. Ka je tagar tikiti ka faɗi sunan tashar da za ka, a ba ka tikiti gwargwadon yawan tashoshi. Riƙe shi har ka fita, don da shi ƙofar fita ke buɗewa. Sunayen tashoshi a rubuce suke da Larabci da boko. Abin da ke rikita baƙo shi ne bango: ana rubuta sunan tashar ƙarshe ta kowane layi, misali Helwan ko Marg a layi na 1, kai kuma sai ka san wacce ce ke gefen da ka nufa.

Tashoshin da baƙo ke bukata ba su da yawa. Sadat ita ce dandalin Tahrir, kuma nan layi na 1 da na 2 suka haɗu. Shuhada ita ce Ramsis, babbar tashar jirgin ƙasa. Ataba mahaɗar layi na 2 da na 3 ce, kuma kasuwa ce kanta. Bab Sha'ariyya a layi na 3 ta fi kusa da titin Mu'izz. Mar Girgis a layi na 1 tana sauke ka kusa da tsofaffin majami'un Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, da masallacin Amru ɗan Asi. Opera tana tsibirin Jazira, kusa da hasumiyar Alƙahira mai tsawon mita 187. Tashar Giza a layi na 2 ba ta kai dala ba. Daga nan sai an ƙara hawa mota.

Da safe lokacin fita aiki, da kuma bayan azahar lokacin tashi, cikar jirgin ba ta baƙo mai kaya ba ce. Wayarka da jakar kuɗinka su koma aljihun gaba.

Ni mace ce, kuma ni kaɗai zan riƙa fita. Akwai matsala?

Hajiya, mata a Alƙahira suna fita aiki da kasuwa da makaranta su kaɗai dare da rana, ke ma za ki iya. A kowane jirgin metro akwai taragun mata a tsakiya, kuma a dandamali an sa alama inda suke tsayawa. Ki shiga nan, hankalinki zai fi kwanciya. Shigarmu ta hijabi ko mayafi ba baƙuwa ba ce a wurinsu. A tasi ki zauna baya, ki tura wa wani bayanin tafiyarki ta manhaja. Tsokanar baki a titi tana faruwa, wani lokaci har da maganar launin fata, kuma gaskiya tana da ciwo. Yawanci wucewa ba tare da amsawa ba ya fi. In wani ya wuce gona da iri ki ɗaga murya a cikin mutane, za a taru a tsawata masa. Lambar 'yan sandan yawon buɗe ido 126 ce.

Tasi, Uber, ƙananan bas ko tuktuk, wanne ya fi?

Ga baƙon kwana biyu, motar manhaja ta fi, don ta raba ka da ciniki da kwatance. Uber na aiki sosai, akwai kuma inDrive inda kai ne ke taya kuɗin. Zaɓi biyan kuɗi hannu. Lambobin motocin Masar da lambobin Larabci aka rubuta su, kuma a nan wanda ya yi makarantar allo ko Islamiyya ya huta. Wanda bai saba ba ya koyi ɗaya zuwa tara kafin ya taso, don da su zai gane motarsa a cikin ɗaruruwa. Farar tasi tana da mita da suke kira addad. In direba ya ce ta lalace, ko ku yi ciniki nan take ko ka sauka ka tsayar da wata.

Ƙananan bas farare su ne ƙafar talakan garin, amma ba a rubuta inda suka nufa, da kira da alamar hannu ake ganewa. Sai da ɗan gari. Tuktuk, wato adaidaita sahu, na cikin lunguna ne kawai, yana da amfani daga bakin babban titi zuwa ƙofar gida.

Wane lokaci ne cunkoso ya fi tsanani, wane lokaci ne hanya take sakewa?

Ranakun aiki a Masar Lahadi ne zuwa Alhamis. Hanya takan cushe daga wajen ƙarfe bakwai da rabi zuwa goma na safe, ta sake cushewa daga biyu na rana har bayan magariba. Yammacin Alhamis ya fi kowanne muni. Kyautar da garin ke yi wa baƙo ita ce safiyar Juma'a: tituna fayau har zuwa lokacin salla, tafiyar awa guda ta koma minti ashirin da biyar. In Juma'a na cikin kwanakinka, ita za ka ba wa tafiya mafi nisa, ka dawo ka yi salla a Azhar.

A watan azumi lissafin ya sauya. Awa biyu kafin shan ruwa kowa na gudun gida, da an kira salla tituna su zama wayam, bayan tarawihi gari ya sake farkawa har sahur. Wuraren tarihi ma sukan rufe da wuri.

Yaya ake tsallaka titi a garin da motoci ba sa tsayawa?

Ka nemi ɗan gari da zai tsallaka, ka tsaya ta gefensa yadda shi ne ke tsakaninka da motocin, ku tafi tare. Tafiya ɗaya ba gudu ba ja da baya, don direbobi da saurinka suke auna inda za su bi. A Tahrir da Ramsis ka bi ta ƙarƙashin tashar metro ka ɓullo ɗaya gefen. Da dattijo ko yara, gara mota ta zagaya ta ajiye ku a daidai ƙofa.

Yaya zan tsara zuwa dala ba tare da an wahalar da ni ba?

Je ka da sassafe, da zarar an buɗe. Wurin hamada ne, babu inuwa, kuma daga Mayu zuwa Satumba rana takan yi zafi tun hantsi. Dalar Khufu, babbar cikinsu, ta kai shekara 4,500 da ginawa, tsawonta na asali mita 146, kuma sai ka tsaya a gindinta ka ga dutse ɗaya ya kai ƙirjinka sannan girman aikin ke shiga zuciya. Kusa da ita akwai ta Khafre da ta Menkaure, sai gunkin Abul Haul mai jikin zaki da kan mutum a gangare. Tikitin shiga fili daban, na shiga cikin dala daban. Shiga cikin kuwa hawa ne a sunkuye ta ƙuntatacciyar hanya mai zafi, ƙarshenta ɗaki ne babu komai sai akwatin dutse. Mai ciwon gwiwa ko baya ko hawan jini ko asma ya haƙura da shi, babu abin da ya rasa.

Abin da ke ɓata wa mutane rai a Giza masu raƙuma da dawaki ne da 'yan kai-da-kawo. Tun kafin ka isa ƙofa wani zai iya tare motarka ya ce an rufe hanya, ko ya ce sai da doki ake shiga. Ba haka ba ne. Tikiti a tagar hukuma kawai ake saye, kuma kada ka miƙa tikitinka ga wanda ba a bakin ƙofa yake aiki ba. In kana son hawa raƙumi ba laifi, amma ku yi magana dalla-dalla: nawa, na minti nawa, zuwa ina, kuma kuɗin ya haɗa da saukarwa. Wanda ya ɗora maka rawani ko ya danƙa maka ɗan gunki ya ce kyauta ce, mayar masa da murmushi ka wuce. Awa biyu zuwa uku sun isa.

Babban Gidan Tarihin Masar, wanda aka yi bikin buɗe shi a ranar 1 ga Nuwamba 2025, yana da tazarar kusan kilomita biyu daga nan. Can ne aka tara kayan kabarin Fir'auna Tutankhamun sama da 5,000, kuma akwai sanyi da wurin zama. Dala da safe, gidan tarihi da rana, shi ne tsarin da ya fi dacewa. Game da biyan tikiti, duba amsar kuɗi a ƙasa.

Ina ne ake ganin gawar Fir'auna?

Wannan ita ce tambayar da kusan kowa ke yi, kuma da yawa sukan tafi wurin da ba nan ba. Shekaru masu yawa gawarwakin suna tsohon gidan tarihi na Tahrir, wanda aka buɗe a 1902. A watan Afrilu 2021 aka kwashe guda 22, sarakuna 18 da sarauniya 4, zuwa gidan tarihin wayewar Masar da ke Fusɗaɗ. Can za ka je. Suna wani zaure a ƙasa, mai duhu da shiru, kuma ba a ɗaukar hoto.

Sai dai a sani: Alƙur'ani bai ambaci sunan Fir'aunan zamanin Annabi Musa (AS) ba, kuma masana tarihi ba su haɗu a kan mutum ɗaya ba. Waɗanda aka fi ambata su ne Ramsis na Biyu da ɗansa Merneptah, dukansu kuma suna zauren. Ka kalle su, ka ga gashi da farce da haƙoran mutanen da suka mulki ƙasa shekara dubu uku da suka wuce, wa'azin ya isa ko ba a nuna maka ɗaya an ce shi ne ba. Daga nan masallacin Amru ɗan Asi ba nisa, masallaci na farko da aka gina a Masar bayan Musulmi sun buɗe ta, wajen shekarar 641, ko da yake ginin da ke tsaye yanzu an sha sabunta shi.

In yini ɗaya kawai nake da shi, dala ko tsohon gari?

In ni za a tambaya, tsohon gari. Dala abin mamaki ce, amma kallo ne daga waje. Tsohuwar Alƙahira kuwa shiga cikinta ake yi, a yi salla a cikinta, kuma mota ba ta da amfani a nan, da ƙafa ake bi. Fara daga Babul Futuh, ƙofar ganuwar daular Faɗimawa da aka gina a 1087, ka gangaro titin Mu'izz. Tsawonsa zuwa Bab Zuwaila kusan kilomita ɗaya ne, amma zai ci maka awa biyu, don kowane taku akwai abin tsayawa: masallacin Hakim, ginin Sarki Ƙalawun na 1285 da ya haɗa makaranta da asibiti da kabari, da wuraren shan ruwa na sadaka da aka ɗora wa makarantun yara a sama. A tsakiyar tafiyar ka ratse zuwa masallacin Husaini da kasuwar Khan Khalili, ka tsallaka zuwa Azhar, wanda aka fara ginawa a 970 aka fara salla a cikinsa a 972. Zauna a farfajiyar nan ta farin dutse ko na rabin awa ne. Za ka ga halƙoƙin karatu a jikin ginshiƙai, kuma da wuya ka tashi ba ka ji ana Hausa ba.

In da sauran ƙarfi, wuce Bab Zuwaila ka bi ta kasuwar masu ɗinkin tanti, ko ka hau mota zuwa masallacin Sarki Hasan, wanda aka fara a 1356. A ganina babu ginin da ya kai shi kwarjini a garin. An yi shi da makarantu huɗu, ɗaya ga kowace mazhaba, har da ta Malikiyya. Yana fuskantar masallacin Rifa'i, a samansu kuma Ƙal'ar Salahuddin Ayyubi, wadda aka fara a 1176, da masallacin Muhammad Ali, inda ake hango gari duka. Masallacin Ibn Ɗulun na 879, mai hasumiyar da matakalarta ke zagaye ta waje, yana kusa kuma ba ya cika da mutane.

Azhar da Husaini babu tikiti. Ƙal'a da wasu gine-ginen tarihi akwai. Mai ajiye takalma yana sa ran ɗan abu.

Akwai wuraren da suka shafi tarihinmu da malamanmu?

Akwai, kuma wannan ne ɓangaren da masu jagorar yawo ba sa faɗa. Alƙahira zango ce a tsohuwar hanyar hajjin mutanen yammacin Afirka. Ta nan Mansa Musa na Mali ya bi a 1324. Mutanen Kanem sun gina wa ɗalibansu makarantar Malikiyya a Fusɗaɗ tun ƙarni na 13, kuma a Azhar an daɗe da ware ruwaƙi, wato sashen kwana da karatu, na mutanen Barno. Shehu Jalaluddin Suyuɗi, wanda tafsirin Jalalaini da ake karantawa a zaurukanmu rabinsa nasa ne, ya rubuta wasiƙar nasiha ga sarakunan Katsina da Agadas; ya rasu a 1505 kuma a Alƙahira aka binne shi. Malam Muhammadu al-Kashnawi, Bakatsine masanin lissafi da taurari, a garin ya rasu a 1741, a gidan Shehu Hasan Jabarti.

A maƙabartar Ƙarafa, kudu da Ƙal'a, akwai ƙubbar Imam Shafi'i da aka gina a 1211, ga kabarin Imam Laisu ɗan Sa'ad kusa, kuma a nan ne Ibnul Ƙasim da Ash'habu, manyan almajiran Imam Malik, suke kwance. 'Yan Tijjaniyya sukan ziyarci zawiyar Shehu Muhammadul Hafiz a Mugarbilin, kudu da Bab Zuwaila. Ƙarafa faɗi gare ta, lungu ne cikin lungu, kuma ayyukan hanya sun sauya fasalin wasu sassanta. Je ka da rana, tare da ɗalibin da ya san wurin. Ɗaliban nan kuwa karatu ya kai su, ba jagora ba. In yaro ya bar darasinsa ya yini da kai, ka biya motarsa da abincinsa, ka kuma yi masa alheri na gaske.

Khan Khalili wurin sayayya ne ko na kallo?

Duka biyun, amma farashin farko na baƙo ne. Ciniki a nan kamar na kasuwar Kurmi yake: a faɗa maka sama, ka taya ƙasa sosai, ka yi kamar za ka tafi, a kira ka. Kada ka taya abin da ba ka da niyyar saye. Turare da tasbaha da fitilu da kayan tsaraba suna nan. Mai neman jallabiya da abaya da yadi da yawa ya tsallaka Guriyya ko ya bi titin Muski zuwa Ataba, inda 'yan gari ke saye. Littattafan addini kuwa suna shagunan bayan Azhar, kuma nauyinsu shi ke jawo wa mutane biyan kuɗin ƙarin kaya a filin jirgi, don haka auna kafin ka ɗiba.

Wane kuɗi zan riƙe?

Taho da dalar Amurka ko yuro, sababbin takardu marasa yagewa. Naira da sefa ba su canzuwa a can. Yi canji a banki ko shagon canji mai lasisi, da fasfonka. Canjin bayan fage laifi ne a dokar Masar. Darajar fam tana motsi, musamman tun da aka sake ta a Maris 2024, saboda haka farashin da wani ya faɗa maka bara kada ka dogara da shi. Manyan wuraren tarihi da yawa sun koma karɓar kuɗin tikiti da katin banki kawai, kuma farashin baƙo ya fi na ɗan ƙasa nesa. Tabbatar katinka na aiki a waje kafin ka taso. Ka kuma tara ƙananan takardu, domin direba da mai shago kullum ba su da canji, ga kuma tukuici da suke kira baƙshish, wanda ake ba mai ɗaukar kaya da mai gadin banɗaki da mai buɗe maka ƙofar hasumiya.

Larabcin da na koya a makaranta zai yi mini aiki?

Za su gane ka, kai ne za ka sha wuyar gane su da farko. Suna furta jimun kamar "g", ƙaf kuma su mayar da ita hamza. Kalmomi kaɗan sun isa mota da kasuwa: "bikam" nawa ne, "fen" ina ne, "yimin" dama, "shimal" hagu, "ala ɗul" miƙe, "ala gamb" tsaya a gefe zan sauka. Ka sa a rubuta maka adireshin masaukinka da Larabci a waya.

Me zan ci a kan hanya wanda ba zai ɓata mini ciki ba?

Koshari, wato shinkafa da taliya da adas (wani irin ƙananan wake) da soyayyar albasa da miyar tumatir, yana ko'ina, da zafinsa ake zubawa, kuma yana riƙe ciki. Da safe ful, wato dafaffen wake, da ta'amiyya mai kama da ƙosai, da gurasa. Mulukhiyya miyar lalo ce, bamiya kuɓewa, karkade kuma zoɓo. Ruwan rake da ake matsewa a gabanka yana maganin gajiyar rana. Sha ruwan gora, ka guji ɗanyen ganye a rumfunan titi, ka zaɓi shagon da 'yan gari suka yi layi.

Akwai abin da ba a ɗauka hoto?

Kada ka ɗauki 'yan sanda, sojoji, shingen bincike, ofisoshin gwamnati da na jakadanci. Jirgi mara matuƙi na ɗaukar hoto kada ma ya shiga akwatinka, za a ƙwace a filin jirgi. Ka riƙa yawo da fasfo ko kwafinsa mai nuna biza, don ana tsayar da baƙi a tambaya. Zancen siyasar ƙasar kuma ka bar wa masu ita.

Na zo da mahaifiyata asibiti, tana so ta ga gari amma ba ta iya doguwar tafiya. Ina zan kai ta?

Ka fara tambayar likitanta. In ya yarda, ɗauki mota ɗaya ta yini ko rabin yini wadda za ta jira ku, kada ka sa Inna a metro ko a titin Mu'izz mai duwatsu da turereniya. Masallacin Husaini da Azhar mota na kai wa kusa da su, haka masallatan Sayyida Zainab da Sayyida Nafisa, waɗanda iyayenmu mata suka fi so. Lambun Azhar, wanda aka buɗe a 2005 a kan tudu, yana da wurin zama da iska, ana hango hasumiyoyin tsohon gari daga can. Da yamma kuma ana ɗaukar hayar kwalekwale mai filafilai da suke kira faluka a bakin Nilu wajen Garden City ko Ma'adi, awa guda, a zaune. Daga Disamba zuwa Fabrairu dare na da sanyi sosai, a tafi mata da bargo ko rigar sanyi. Lambar motar asibiti 123 ce.

Zan iya zuwa Iskandariyya in dawo a yini ɗaya?

Za ka iya, in kana da kwana uku ko fiye kuma ka gama da abin da aka lissafa a amsar farko. Tazarar kusan kilomita 220 ce, jirgin ƙasa daga tashar Ramsis yana yin awa biyu da rabi zuwa uku. Ɗauki na farkon safiya, ka sayi tikitin dawowa tun da wuri, ka ga teku da ganuwar Ƙaitbai da sabon ɗakin karatu da masallacin Abul Abbas Mursi, inda kabarin Imam Busiri mai Burda yake daf da shi. Mai kwana biyu kacal ya bar ta sai wani zuwan. In dala ce ba ta ishe shi ba, Saƙƙara na kusan kilomita 30 kudu da gari, can ne dalar Zosar mai hawa shida take, wadda ta girmi na Giza, kuma ana haɗa ta da Giza a mota ɗaya in an fita da wuri.